Yadda Ake Gano Abin Da Ke Rage Saurin Aikawa Idan Kana Harba Firem Na Wi-Fi Da Manhajarka

Wanda ya fara rubuta manhajar da ke ƙera firem, wato ƙunshin bayanai na Wi-Fi (802.11), da hannu tana harba shi iska ba tare da haɗuwa da kowace rauta ba, yakan yi murna ranar da firem ɗinsa na farko ya bayyana a Wireshark, manhajar da ke nuna firem ɗin da aka kama, sannan murnar ta koma ciki idan ya ƙirga ya ga firem tamanin kacal ke fita a cikin sakan ɗaya alhali ya rubuta 54 Mbps. Na sha gyara wannan matsala, kuma a mafi yawan lokuta ba ta wuce abu ɗaya: katin Wi-Fi ya yi watsi da saurin da aka nema ya koma mafi ƙanƙanta, ba tare da ya nuna kuskure ko ɗaya ba. Saboda wannan shirun ne ya sa dole a auna kafin a taɓa ko layi ɗaya na manhaja.

Kalmar sauri a nan tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma cakuɗa su ne ke ɓata wa mutane kwanaki. Akwai saurin da kati ke zuba bit ɗin firem guda a iska, wato 1 ko 6 ko 54 Mbps, akwai kuma yawan firem da ke fita a sakan. Na biyun ya dogara da na farko, amma ya dogara kuma da girman firem, da maimaitawa, da cunkoson tasha, da kuma yadda manhajarka ke miƙa firem ga kanel, wato zuciyar Linux.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai Linux wadda kake da ikon root a kanta, da kanel da bai girmi shekarar 2016 ba, domin a shekarar ce aka koya wa mac80211, ɓangaren kanel mai kula da Wi-Fi, karanta saurin da aka rubuta a kan firem ɗin da aka harba.
- Katin Wi-Fi guda biyu masu karɓar yanayin sauraro, wanda umarnin `iw` ke kira `monitor`. Ɗaya na aikawa, ɗaya na aunawa.
- Manhajojin `iw`, `ethtool`, `tcpdump`, da Wireshark ko `tshark`.
- Manhajarka, ko an rubuta ta da C da libpcap, ko da soket na `AF_PACKET`, ko da Python da Scapy.
- Tasha marar cunkoso da kuma na'urorinka na kanka. Harba firem babu ƙaƙƙautawa yana cinye lokacin iska na duk wanda ke kan tashar, saboda haka kada ka yi gwaji a kan tashar maƙwabta ko ta wurin aiki, kuma kada ka taɓa sa adireshin na'urar wani a firem ɗinka.

Idan kati ɗaya gare ka, ka ari kwamfutar wani na ɗan lokaci ka mayar da katinta yanayin sauraro. Idan hakan ma bai samu ba, umarnin `modprobe mac80211_hwsim radios=2` zai ƙirƙira maka katunan kwaikwayo guda biyu a cikin kanel, waɗanda suka isa a tabbatar cewa an tsara bayit daidai, kodayake ba za su gaya maka halin katinka na gaske ba.

Mataki na 1: Tantance kati da direbansa

Sunan da ke jikin kwali ba shi da amfani a wannan aiki. Ƙwaƙwalwar da ke cikin kati da direban da ke tuƙa ta su ne abin dubawa. Misali sananne shi ne TP-Link TL-WN722N, wanda samfurinsa na farko ke ɗauke da Atheros AR9271, na biyu da na uku kuma suke ɗauke da ƙwaƙwalwar Realtek, ga suna ɗaya amma hali daban. Ka duba da waɗannan:

```
lsusb
ethtool -i wlan0
iw list
cat /sys/kernel/debug/ieee80211/phy0/hwflags
```

A sakamakon `iw list` ka tabbatar akwai `monitor` a jerin yanayin da kati ke karɓa. A fayil na ƙarshe kuma ka nemi kalmar `HAS_RATE_CONTROL`. Idan tana nan, to kati ne ko manhajar cikinsa ke zaɓen sauri da kansu, kuma takardar kanel kan harba firem ta fayyace cewa saurin da aka rubuta a radiotap, wato ɗan bayanin umarni da ake sa wa a gaban firem (mataki na 4), yana aiki ne kawai ga katunan da ba su da wannan hali. Direban `ath9k_htc` na AR9271 yana cikin masu zaɓa da kansu, shi ya sa katin da ya fi kowanne farin jini wajen masu koyo yake harba firem a 1 Mbps komai ka rubuta masa. Direbobi irin su `ath9k` na katunan cikin kwamfuta da `rt2800usb` na Ralink RT3070 da RT5572 suna barin mac80211 ya zaɓa, za ka ma ga sunan `minstrel_ht`, tsarin zaɓen sauri na mac80211, a cikin `dmesg`, don haka suna bin abin da ka rubuta.

Mataki na 2: Shirya yanayin sauraro ka kori masu tsoma baki

```
nmcli device set wlan0 managed no
ip link set wlan0 down
iw dev wlan0 set type monitor
ip link set wlan0 up
iw dev wlan0 set channel 6
iw dev wlan0 info
```

Layi na farko ba ado ba ne. Idan NetworkManager ko `wpa_supplicant` suna riƙe da kati, za su riƙa ɗauke shi zuwa wasu tashoshi neman hanyoyin sadarwa, sai ka ga aikawa na tsayawa lokaci zuwa lokaci ka ɗauka laifin manhajarka ne. Ka maimaita waɗannan umarni ga kati na biyu, ka ɗora shi a kan tasha ɗaya da faɗi ɗaya.

Ka duba `iw reg get` kuma. Tashar da aka yi wa alamar `no IR`, ko wadda ke buƙatar sauraron rada, kanel ba zai bari a harba firem a kanta ba, kuma yakan zubar da firem ɗin shiru. Ka saita ƙasar da kake ciki da gaske, kamar `iw reg set NG` a Najeriya ko `iw reg set NE` a Nijar, ka zaɓi tashar da aka halatta.

Mataki na 3: Auna da kati na biyu

Kuskuren da na fi gani, ni ma na taɓa faɗawa cikinsa har na yini ina gyaran abin da ba shi da laifi, shi ne buɗe Wireshark a kan katin da ke aikawa. A can za ka ga kwafin abin da ka miƙa wa kanel, tare da radiotap ɗin da kai ka rubuta, ya nuna maka 54 Mbps domin 54 ka rubuta. Shaidar da za a karɓa ita ce ta katin da ya ji firem ɗin daga iska. Ka ba firem ɗinka adireshin aikawa na gwaji irin `02:00:00:00:00:01`, sannan a kati na biyu ka yi:

```
tshark -i wlan1 -Y "wlan.ta == 02:00:00:00:00:01" -T fields -e wlan_radio.data_rate -e wlan.fc.retry -e wlan.seq
```

Ka ajiye katunan biyu da tazarar mita ɗaya zuwa biyu, domin idan suna manne da juna ƙarfin sigina na iya toshe wa mai sauraro kunne ya riƙa rasa firem. Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka inda za ka nufa. Idan ginshiƙin farko ya nuna 1 a zangon 2.4 GHz ko 6 a zangon 5 GHz, kati ya koma mafi ƙanƙantar sauri, sai ka bi mataki na 4. Idan saurin daidai ne amma ginshiƙi na biyu cike yake da alamar maimaitawa, ka tafi mataki na 5. Idan duka biyun lafiya lau ne amma firem ba su da yawa, matsalar tana mataki na 6 ko na 7.

Mataki na 4: Binciki kan radiotap bayit bayan bayit

Kowane firem da za ka harba yana farawa da kan radiotap, wanda ba ya fita iska. Wasiƙa ce kawai zuwa ga kanel da ke faɗin yadda kake so a aika. Bayit takwas na farko ba sa canja tsari: bayit ɗaya na lambar siga, kullum sifili, bayit ɗaya na cike gurbi, bayit biyu na tsawon kan gaba ɗaya, sai bayit huɗu da kowane bit a cikinsu ke nuna filin da ke biye. Duk lambar da ta wuce bayit ɗaya ana rubuta ta ne ƙaramin bayit a gaba. Ga kan da ke neman 54 Mbps ba tare da jiran amsa ba:

```
0x00, 0x00,              siga da cike gurbi
0x0c, 0x00,              tsawo, bayit 12
0x04, 0x80, 0x00, 0x00,  bit na 2 da bit na 15
0x6c,                    sauri
0x00,                    cike gurbi
0x08, 0x00               kada a jira amsa
```

Abu na farko da ake kuskurewa shi ne ma'aunin sauri. Filin yana ƙirga ne da rabin megabit, don haka 54 Mbps ana rubuta shi 108, wato `0x6c`, 24 Mbps kuma 48, 6 Mbps 12, 5.5 Mbps 11. Wanda ya rubuta 54 kai tsaye ya nemi 27 Mbps ke nan, saurin da babu shi a jerin da kati ya sani, kuma idan kanel ya duba jerin bai samu wanda ya dace ba sai ya manta da buƙatar ya aika da mafi ƙanƙanta. Haka yake faruwa ga wanda ya nemi 11 Mbps a zangon 5 GHz, domin 1 da 2 da 5.5 da 11 na zangon 2.4 GHz ne kaɗai, yayin da 6, 9, 12, 18, 24, 36, 48 da 54 suke aiki a duka biyun.

Abu na biyu shi ne bayit ɗin cike gurbi da ke bayan sauri, wanda masu koyo ke gogewa suna ganin ba shi da aiki. Ƙa'idar radiotap ita ce filin da ke da bayit biyu dole ya fara a matsayin da ke rabuwa da biyu idan aka ƙirga daga farkon kan, mai bayit takwas kuma a matsayin da ke rabuwa da takwas. Sauri ya zauna a matsayi na 8, saboda haka tutocin aikawa ba za su fara a na 9 ba sai a na 10. Idan ka cire wannan bayit, kanel zai karanta tutocin daga inda ba su ba. Filayen kuma dole su jeru bisa lambar bit ɗinsu daga ƙarami zuwa babba, ba bisa yadda ka ga dama ba.

Abu na uku shi ne tsawo. Idan ka ƙara fili ka manta ka gyara lambar tsawo, kanel zai ɗauki ƙarshen radiotap a matsayin farkon firem na 802.11, sai a harba shirme ko a zubar da shi. A manhajar C kuma, idan da `struct` ka gina kan, ka tabbatar mai harhaɗa manhaja bai cusa nasa bayit na cike gurbi ba. Ni dai na fi son jerin bayit a fili kamar na sama, saboda abin da ido ya gani shi ke tafiya.

Don saurin 802.11n, ka cire filin sauri ka sa filin MCS, wato lambar matakin sauri, wanda yake bit na 19 kuma yana da bayit uku:

```
0x00, 0x00, 0x0d, 0x00,
0x00, 0x80, 0x08, 0x00,  bit na 15 da bit na 19
0x08, 0x00,              kada a jira amsa
0x07, 0x00, 0x03         abin da aka sani, tutoci, lambar MCS
```

Bayit na farko na filin yana gaya wa kanel waɗanne bayanai ka cika: `0x01` faɗin tasha, `0x02` lambar MCS, `0x04` tazarar tsaro. Idan babu `0x02` a ciki, lambar da ka rubuta ba za a kalle ta ba. A faɗin 20 MHz da eriya ɗaya, MCS 0 yana ba da 6.5 Mbps, MCS 3 yana ba da 26, MCS 7 kuma 65. Daga MCS 8 zuwa 15 ana buƙatar rafi biyu na sigina, don haka katin sauraro mai eriya ɗaya ba zai ji su ba ko da an aika lafiya. Haka ma idan ka nemi faɗin 40 MHz, sai an ɗora katunan biyu da `iw dev wlan0 set channel 36 HT40+` ko makamancinsa.

Hanya mafi sauƙi ta kama waɗannan kurakurai ita ce ka rubuta firem ɗinka a fayil na pcap mai nau'in mahaɗi 127, ka buɗe shi a Wireshark. Idan Wireshark ya warware kan ya nuna saurin da kake nufi, tsarin bayit ɗinka daidai ne, sauran laifin na direba ne. A nan kada ka ɓata lokaci da `iwconfig wlan0 rate 54M` ko `iw dev wlan0 set bitrates`, domin an yi su ne don katin da ke haɗe da wata na'ura, kuma sau da yawa ba sa shafar firem ɗin da aka harba a yanayin sauraro. Mai katin AR9271 yana da zaɓi biyu: ko ya sa gyararriyar manhajar cikin kati irin wadda masu aika bidiyo daga jirage marasa matuƙi suka ƙera don ɗaure sauri, abin da ya yiwu saboda a buɗe take, ko ya sayi katin da direbansa ke girmama radiotap. Ga mai koyo, na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: Hana jiran amsa da maimaitawa

Firem ɗin da aka aika wa adireshin na'ura ɗaya yana jiran amsar ACK, wato shaidar an karɓa, kuma idan babu na'urar da za ta amsa, kati zai yi ta maimaita shi har ya cika adadin da aka ƙayyade, yana ƙara tsawon jira bayan kowace faɗuwa. Firem ɗaya sai ya ci lokacin da ya ishi da yawa. Maganin shi ne tutar `0x0008` da ke misalan sama, ko kuma ka sa `ff:ff:ff:ff:ff:ff` a adireshi na farko, tunda ba a amsa firem na kowa da kowa. Idan kana son maimaitawa amma kaɗan, bit na 17 yana ba ka damar faɗin adadinta, sai dai yana aiki ne tare da filin sauri ko na MCS.

Kada ka ƙara bayit huɗu na FCS, lambar gano kuskure, a ƙarshen firem, kati ne ke lissafa su. Idan dole sai sun kasance, ka sa tutar `0x10` a filin tutoci na bit na 1 domin kanel ya yanke su kafin aikawa.

Mataki na 6: Lissafa abin da iska za ta iya ɗauka

Kafin ka zargi kowa, ka san iyakar da ba za a wuce ba. Firem mai bayit 1500 yana da bit 12000. A 1 Mbps zai ci maikurosakan 12000, a ƙara 192 na share fage da kuma jiran da ake yi kafin kowace aikawa, sai a samu kusan firem tamanin a sakan. Duk lokacin da na ga lamba kusa da tamanin da manyan firem, na san sauri ya faɗo ƙasa tun kafin in buɗe Wireshark.

A 54 Mbps a zangon 5 GHz, wannan firem yana cin maikurosakan 244, amma kafin a aika shi akwai jiran dole na 34 da kuma jiran ƙuri'a da matsakaicinsa ya kai kusan 67. Jimla kusan 345, wato firem 2900 a sakan, kimanin 35 Mbps na ainihin bayanai, kuma wannan a tashar da babu kowa ne. Da ƙaramin firem mai bayit 100 abin ya fi muni, domin aikawar kanta maikurosakan 36 ce kawai amma jiran bai ragu ba, sai a tashi da ƙasa da 6 Mbps duk da kati yana kan 54. Firem ɗin da aka harba da hannu ba ya samun haɗe firem da yawa a tafiya ɗaya kamar yadda haɗaɗɗiyar hanya ta 802.11n ke yi, shi ya sa ba zai kamo saurin da ka saba gani a wayarka ba. Idan yawan bayanai kake so, ka tara su cikin manyan firem.

Umarnin `iw dev wlan0 survey dump`, a direbobin da ke ba da shi, yana nuna lokacin da tasha ta kasance cike. Idan rabin lokacin wasu ke magana, rabin lissafin nan za ka samu, sai ka canja tasha.

Mataki na 7: Duba manhajarka da hanyar USB

Mai amfani da Scapy ya sani cewa kiran `sendp` a cikin zagaye yana buɗe soket ya rufe a kowane kira, ga kuma sake gina firem daga farko. Ka buɗe soket sau ɗaya da `conf.L2socket(iface="wlan0")`, ka mayar da firem bayit sau ɗaya a wajen zagayen, sannan ka riƙa aikawa da shi. A C, ka fitar da `printf` daga cikin zagayen aikawa, ka kuma duba abin da `pcap_inject` ko `send` ya mayar a kowane kira.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wato manhajar da ta fi iska sauri. Nasarar `send` tana nufin kanel ya karɓa ne kawai, ba wai an harba ba, don haka manhaja na iya cewa ta aika dubu hamsin a sakan alhali dubu uku suka fita, sauran sun zube a layin jira. Ka sa lambar ƙirga a cikin jikin kowane firem, ka ƙirga waɗanda kati na biyu ya ji, sannan ka rage saurin miƙawa zuwa ƙasa kaɗan da lissafin mataki na 6. Kuskuren `ENOBUFS` ko `EAGAIN` alama ce ta cikar layi, kuma abin yi shi ne ɗan jira a sake gwadawa. Ƙara girman ma'ajin soket jinkiri kawai yake ƙarawa.

Ga katin USB, `lsusb -t` zai nuna ko yana kan `480M` ko ya faɗo `12M`. Wannan faɗowa ta zama ruwan dare ga masu gudanar da Linux a cikin kwamfutar kwaikwayo irin VirtualBox idan an bar mashigar a kan USB 1.1, kuma doguwar waya marar kyau ko mashigar da ba ta ba da isasshiyar wuta tana sa kati ya riƙa yankewa yana dawowa, abin da `dmesg -w` zai nuna maka yayin da kake aikawa.

Mataki na 8: Hau tsani sannu a hankali

Bayan kowane gyara ka canja abu ɗaya kawai ka sake aunawa. Ka fara da 6 Mbps ka aika firem dubu goma masu lamba, ka rubuta saurin da kati na biyu ya gani da adadin da ya ji, sannan ka koma 12, 24, 54, daga nan MCS. Idan saurin da aka gani yana bin wanda ka nema, direba na yi maka biyayya. Idan a wani mataki adadin da aka ji ya faɗi warwas amma waɗanda suka iso suna ɗauke da saurin da ya dace, to sigina ce ta gaza ɗaukar wannan sauri a wannan tazara, sai ka matso da katunan, ka gyara eriya, ko ka sauko mataki ɗaya ka tsaya a nan. Idan ka gama, ka mayar da katunan yadda suke da `iw dev wlan0 set type managed` bayan ka sauke su da `ip link`, sannan ka miƙa su ga NetworkManager da `nmcli device set wlan0 managed yes`.